Taƙi Ɗaya Tsakanin Gwiwa da Kujera

Gardamar ta tashi ne a fadarmu ta unguwar Zariya, bayan isha'i, shayi na biyu yana kan gawayi. Na ce musu Auta ta aiko mana da tikiti ni da Inna, kuma daga Paris zuwa Kanada a wani aji za mu zauna da ake kira firimiyom ekonomi. Wani Alhaji a cikinmu, wanda ya je Dubai da Guangzhou har ya daina ƙirge, ya aje kofinsa ya ce babu wannan abu a jirgi. Shi aji biyu ya sani: na gaba inda ake kwanciya, da na baya inda ake naɗe mutum kamar tabarma. Ba ƙarya ya yi ba. Alhazan Maraɗi ta Addis Ababa ko Istanbul suka fi bi, kuma jiragen Ethiopian da Turkish ba su da wannan aji na tsakiya a lokacin. Sauran ƴan fada suka yanke hukunci cewa bizines ne aka canza wa suna. Kafin azahar ta washegari labari ya kai babbar kasuwa, wai tela zai tafi ƙasar Turawa a kwance.

Watan Mayu ne na 2023, zafi ya kai inda ƙarfen keken ɗinki ba ya taɓuwa da rana. Auta ta yi haihuwar fari a Montreal, Inna kuwa ta ce ba za a yi jegon ƴarta babu ita ba, ko da a wata ake. Matsalar gwiwoyinta ne. Ta haura saba'in, sallar farilla ma a kan kujera take yi, kuma jirgi sau ɗaya ta taɓa shiga, lokacin aikin hajji. Ba ta jin Faransanci. Ni ne ɗan fari, don haka ni ne ɗan rakiya, ko da yake har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “kai wannan”.

Sana'a ba ta barin mutum. Duk rigar da na sa akwai mitar awo a aljihunta, kuma da ita na yi wannan tafiya.

Mun bar Maraɗi kafin asuba a bas ɗin Yamai. Tibiri a duhu muka wuce ta, gari ya waye mana wajen Gidan Rumji. A Madawa masu kilishi suka yanyame tagogi, Inna ta kwance bakin zane za ta saya wa mai jego, na tuna mata Auta ta yi kashedi har sau uku: Kanada ba a shiga da nama, ɗanye ko busasshe. Ta saya duk da haka, ta ce ai cikinmu ba su da iko da shi. Galmi da warin albasarta, Ƙonni, Dogondutsi, Dosso, kilomita wajen 660, muka shiga Yamai da la'asar gwiwata kamar an daka. Kayanmu akwati huɗu, kowane an auna shi a sikelin mai hatsi kada ya wuce kilo 23: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, garin kunu, da kayan jariri da na kwana uku ina ɗinkawa.

Tikitin haɗe-haɗe ne. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Paris a ekonomi muka zauna, tafiyar dare ta awa biyar da rabi. Da aka kashe fitilu na zaro mitata a hankali, kamar ɓarawon da ke auna taga. Daga bayan kujerata zuwa daidai wurin a kujerar gaba, santimita 79. Tsakanin hannun kujera da hannun kujera, 44. Ni kuwa na san awon jikina kamar yadda na san sunana: daga mazaunai zuwa ƙoƙon gwiwa 63. Cire kaurin katifar baya daga cikin 79 ɗin, ka ga abin da ya rage. Na gabana yana kwantar da kujerarsa, gwiwata ta gaisa da ƙarfe, haka muka kwana muna gaisawa. Inna ba ta ce komai ba, ita ba ta ƙorafi a gaban baƙi. Sai da muka sauka takalminta ya ƙi shiga, ƙafa ta kumbura ta yi sumul, na riƙe takalman a hannu ana tura ta a keken marasa ƙarfi.

A wurin bincike na Paris aka tsayar da jakarta. Wani matashi mai safar hannu ya zaro wani abu a ƙulle cikin tsumma, ya kwance, sai ga dutse, sumul, girman ƙwan zabo biyu. Dutsen taimamarta ne, daga gulbin Maraɗi, ya fi ni daɗewa a ɗakinta. Na yi masa bayani da Faransancin lakwal, ya juya shi, ya kira wata, ita ma ta juya shi, suka mayar. Inna ta karɓa ta ce, “Ka ce musu Allah ya yi albarka, amma su wanke hannu kafin su taɓa kayan mutane.” Rabin farko kawai na fassara.

Jirgi na biyu Boeing 787 ne, zai tashi bayan azahar ta can. An kira mu da wuri, kafin dogon layi. Ƙofar da aka shigar da mu ta ratsa ta bizines, Inna ta ga wasu akwatuna kowane da gadonsa da bargonsa da ƴar katangarsa, ta tsaya ta fara aje jaka.

“Inna, ba nan ba ne.”

“To ina?”

“Gaba kaɗan.”

Muka wuce labule ɗaya. Tsakaninsa da labule na biyu layi uku ne kacal, kujera 21, biyu ta wannan gefe, uku a tsakiya, biyu ta wancan. Bayan labule na biyu kuwa tara-tara ake jerawa, uku, uku, uku, har ƙarshen jirgi. Wato mu ne ƴan zaure: mun wuce ƙofar gida, ba mu kai turaka ba.

Ban jira a kashe fitila ba wannan karon. Daga kujera zuwa kujera 97. Faɗi 48 da ɗan ɗoriya. Na cire 79 daga 97, na buɗe tafin hannuna a kan cinya, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Bai ma cika taƙina ba. Gaskiya raina ya ɗan sosu. Duk surutun da aka sha a kasuwa, duk kuɗin da yarinyar nan ta zuba, a kan abin da bai kai ragowar yadin da nake zubarwa a ƙasan shago ba?

Sai da na zauna. Ido ba mudu ba ne, amma gwiwa ta fi ido sanin kima. Na miƙe ƙafa ta tafi, ba ta ci karo da kowa ba. Na ɗora ɗaya kan ɗaya, abin da ban yi ba tun daga Maraɗi. Kowane tela ya san wannan: wando in ya matse, ba kamu guda ake ƙara masa ba, yatsa biyu ne a wurin da ya dace, sai mai shi ya ce ka canza masa wando. Haka kujerar nan take. Hannun da ke tsakanina da Inna faffaɗa ne, kowa da gefensa, ba irin na daren jiya ba da na kwana ina kokawar gwiwar hannu da wani ɗan Mali ba tare da mun ce wa juna uffan ba. A ƙasa akwai matakin ɗora ƙafa, a gaban kujerar kuma wani matashi da ke ɗagowa ya tallafi ƙwauri. Ni bai yi mini amfani sosai ba, tsawona ya wuce shi, diddigena a iska yake. Inna kuwa kamar ita aka auna aka ƙera shi. Na danna mata, ƙafafunta suka ɗago, ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Alhamdu lillahi. Kai wannan, bar shi haka, kada ka ƙara taɓawa.”

Aibu ɗaya na gani nan take. Hannun kujerar ba ya ɗagawa, domin a cikinsa tebur yake. A baya, in Allah ya ba ka sa'a kujerar kusa da kai babu kowa, sai ka ɗage hannu ka kishingiɗa. A nan ko jirgin babu kowa, zama ne ya kama ka. Kujerar tana kwantawa baya fiye da ta ekonomi, amma kishingiɗa ce irin ta kujerar ƙarfe mai igiya da muke zama a fada, ba gado ba ce. Wanda ya ce maka ya kwanta a firimiyom, ka tambaye shi da kyau.

Kafin tashi wata ma'aikaciya ta zo da faranti, kofunan gilashi, wasu ruwa, wasu lemo, wasu kuma wani abu mai kumfa launin zuma. Hannun Inna ya nufi mai kumfar, ta ɗauka lemon kwalba ne. Na riƙe hannun. Wannan shi ne abin da zan fara gaya wa duk wanda zai raka tsoho: a wannan aji giya ba tambayarta ake ba, miƙo ta ake, kuma a kofi mai kyau. Bayan mun daidaita a sama aka kawo ɗan tawul mai zafi. Inna ta karɓa ta duba, ta dubi Baturiyar da ke gefe tana goge yatsu, sai ita ta buɗe shi ta ɗora a gwiwa. Da aka zo karɓa ta hana. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta tafi, ta dawo da wasu biyu masu zafi. Tun daga nan suka ƙulla, babu mai jin yaren wani, amma duk wucewa sai ta dafa kafaɗar Inna, Inna ta ce “sannu ƴata”.

Abin da na lura game da hidimar shi ne ba wai mutanen sun fi na baya kirki ba ne. Su ɗin ne dai. Lissafi ne: mutum ɗaya a kan kujera 21 yana da lokacin ganin gwiwar tsohuwa, wanda ke tura amalanke tsakanin mutum ɗari biyu da wani abu ba shi da shi.

Abinci kuwa nan aka ɗan yi tuntuɓe. Auta ta yi mana odar abincin Musulmi tun kwana da kwanaki, domin irin wannan sai an nema aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. A jirgin Yamai babu damuwa. A wannan, aka duba takarda, sunanmu yana nan, abincin bai hau ba. An raba mana ƴar takardar zaɓi mai ado, kaza ko taliya, ga tsumman goge baki, ga cokali mai nauyi na ƙarfe, ga faranti na tangaran, amma kazar ba mu san wanda ya yanka ta ba, kuma da na karanta ƙasan sunanta na ga da giya aka yi miyar. Muka ɗauki taliya. Taliya ce da cuku, fara fat, babu yaji babu magi. Ma'aikaciyar ta ba da haƙuri har na ji kunya, ta shiga gaba ta dawo da ƴaƴan itace da burodi mai ɗumi, ina jin daga rabon masu gado ta ɗebo. Inna ta ɗanɗana taliyar, ta aje cokali, ta laluba jaka. Ashe ta raba yajin jego biyu, ta ƙulle kaɗan a leda. Ta barbaɗa, ta barbaɗa mini, Baturiyar gefe ta yi atishawa sau uku.

Daga baya na gane ba laifin mai girki ba ne duka. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kamar ta hunturu, kuma matsinta kamar kana kan dutse mai tsawon mita 1,800 ne a irin wannan jirgi, wasu ma sun fi haka. Hanci yana bushewa, harshe ya dushe, gishiri da zaƙi su ragu a baki. Farantin tangaran ba ya maganin wannan. Ɗaki ɗaya aka dafa namu da na bayan labule, iska ɗaya muke shaƙa, kuma lokaci ɗaya za mu sauka.

Banɗaki ma namu ne da su. Na gaba na masu gado ne, an ja labule. Sai ka koma baya ka bi layi, kuma tafiya da Inna a wannan siririn lungu, tana dafa kan kujerun mutane, aiki ne. Amma dole na tashe ta duk bayan awa biyu, domin likitan da ya duba ta a Maraɗi ya ce zaman da ya wuce awa huɗu babu motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, balle ga mai shekaru. Ya ce ta sha ruwa da yawa, ta riƙa juya ƙafa. Ruwan ne ta ƙi, don kada ya kai ta banɗakin. Da wayo na riƙa ba ta, ina cewa ƴarta ce ta kawo, kada ta ji babu daɗi.

Sai maganar salla. Mun haɗa azahar da la'asar a ƙasa, ƙasaru, kafin mu shiga. Amma Inna agogon Maraɗi ne a hannunta, kuma da shi take aiki. Da ya nuna bakwai saura ta ce magariba ta yi. Tagar wannan jirgi ba ta da murfi, maɓalli ne kake dannawa gilashin ya yi duhu, kuma ma'aikata sun duhunta su duka don mutane su yi barci, sai wani shuɗi-shuɗi kamar almuru. Na danna namu ya washe. Rana tsaka, fara tas, a kan teku.

“Wannan ranar yaushe ce?”

“Ta yau ce, Inna. Yamma muka nufa, muna bin ta.”

Ta daɗe tana kallo. Tsakanin Maraɗi da Montreal awa biyar ne a wannan lokaci na shekara, tafiyar kuwa awa bakwai da rabi, kilomita wajen 5,500, don haka mun tashi bayan azahar mun sauka da la'asar ba ta yi sanyi ba. Ban yi mata wannan lissafi ba. Ta zaro dutsenta, ta ɗora a kan faffaɗan hannun kujerar, ya zauna daram, ta yi taimama ta yi nafila a zaune, tana sunkuyawa ba tare da goshinta ya bugi talabijin ɗin gaba ba. A jirgin jiya da ta gwada haka sai da na sa hannu na kare. Ta idar, ta ja bargo, ta yi barci na awa biyu cur, baki a buɗe, carbi a hannu. Ni ma na samu kamar awa ɗaya da rabi, har sai da na gabana ya kwantar da kujerarsa gaba ɗaya. Gwiwa ta tsira, amma fita daga wurin sai da na yi kamar mai shiga rumbu.

A Montreal takalminta ya shiga. Da ƙyar, amma ya shiga.

Mijin Auta mutum ne mai son lissafi, kuma da na nuna masa awon da na rubuta a bayan takardar shiga jirgi sai ya ji daɗi kamar na kawo masa tsaraba. Shi ya gaya mini abin ba sabo ba ne, tun 1992 kamfanin EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Ingila suka fara shi, Emirates kuwa da Alhazanmu suka sani sai 2022 ta shigo. Muka zauna muka buga: kujera bakwai a inda ake sa tara, 97 a inda ake ba da 79. Ya fito kujera ɗaya ta firimiyom tana cin wurin kujerar baya ɗaya da rabi da ɗan kai. Auta ta hana a gaya mini kuɗin, amma da ta shiga ɗaki ya raɗa mini cewa abin da aka ɗora a kanmu mu biyu zai sayi ragunan layya biyu masu ƙaho. Na gane dabarar, domin ni ma ina yin ta. Shadda ɗaya ce, ɗinki ɗaya, ka ƙara aiki kaɗan a wuya, kuɗi ya ninka, kuma mai saye ya tafi yana murna.

Na bar Inna can na dawo ni kaɗai a watan Yuni, sararin Montreal ya yi ja da hayaƙin gobarar dajin da ta addabi Kebek a shekarar. Na ce wa Auta kada ta kuskura ta ƙara ko dala a kaina, ni namiji ne, na saba da bas ɗin Yamai. Dawowa ta fi sauri da kusan awa ɗaya, iska tana turo jirgi daga baya, amma dare ne, kuma kujerar tsakiya na samu, tsakanin wani ƙato da wata mai jariri. Da za a shiga aka bi da mu ta cikin layi ukun nan. Na ga kujerar da na zauna, wani saurayi gajere a kai, ƙafarsa ko matakin ba ta kai ba. Ban taɓa jin hassada irin ta wannan dare ba. Ra'ayina dai, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba, kuma da rana, ka riƙe kuɗinka. In ta kai bakwai zuwa sama, ko kana da tsawo, ko tsoho za ka raka, a sayar da ragon.

Inna ta yi niyyar dawowa bayan arba'in da ƴan makonni. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe sararin samaniyar Nijar a farkon Agusta, jirgin Paris ya daina zuwa Yamai. Sai cikin Satumba ta samu dawowa ta wata hanya, tare da wasu ƴan Zinder, a jirgin da babu ajin tsakiya. Na je Yamai na tarbe ta, takalma a hannun yaron da ke tura ta. Mata suka cika gida ana sannu da zuwa, ana tambayar jariri, ana tambayar sanyi. Wata ta ce, “Hajiya, an ce a kwance kuka tafi.” Inna ta ce, “A zaune dai. Amma akwai wata yarinya a ciki, Allah ya ba ta miji nagari.”

Takardar awon kuwa na kai ta fada tun daren da na dawo. Alhaji ya sa tabarau ya karanta, ya nemi mitata, ya auna 18 a kan tabarma, ya buɗe taƙinsa a kai, ya rufe ta har da saura.

“A kan wannan?” in ji shi.

Na ce a kan wannan. Ya yi shiru, ya shafa gwiwarsa, sannan ya ce in rubuta masa sunan ajin a takarda, zai nuna wa yaron da ke yanko masa tikiti.